Fiƙar Inna Hindatu

A cikin aljihun teburin Dakta Ghali, bayan hatimi da tarin katunan ɗaurin auren da bai je ba, akwai wata 'yar kwalba da haƙori guda a ciki. Fiƙa ce ta sama, ta gefen dama. Ta yi ja saboda goro da shekaru, kuma a bakinta akwai wata 'yar tsaga mai santsi, kamar an zauna an goge ta da gangan. Duk shekara idan ɗalibai suka zo koyon aiki, yakan yi niyyar fito da ita ya nuna musu wani abu. Har yau bai fito da ita ba. Haƙorin mahaifiyarsa ne, kuma shi ya cire shi da hannunsa.

Ghali ɗan fari ne. Ana yaye shi a Yako aka miƙa shi ga Baffansa Inuwa a Kano, can ya tashi, can ya yi boko har ya fito likitan haƙori. Mahaifiyarsa Hindatu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan magana ta kama dole, sai ta ce "mutumin Kano", kamar a duk birnin shi kaɗai ne ya rage. Idan ya zo gaisuwa ya yi sallama daga soro, kafin ya ƙaraso tsakar gida ta tura duk abin da ke hannunta ƙarƙashin tabarma, ta gyara mayafi, ta juya fuska wajen katanga. Ya durƙusa ya gaida ƙeyarta, ta amsa wa katangar. Shekara arba'in da shida suna haka, babu wanda ya ga laifi a ciki. Kunya ce, kuma a Yako ana yaba mata da ita.

Ya san tana ɗinkin faifai. Duk Kiru an sani. Faifanta ba ya kama da na kowa, don kabar da take amfani da ita siririya ce kamar zare, ɗinkin kuma a matse, babu inda tsinke zai ratsa. Matan garin Ba'awa sukan yi saƙo tun amarya ba ta samu miji ba. A gidansa ma akwai guda bakwai a jikin bangon falo, matarsa ta jera su don baƙi su yi tambaya. Amma sanin da ya yi wa sana'ar bai wuce sanin da ya yi wa siminti ba: ya ga abin, yana amfani da shi, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba.

Wata Litinin da hantsi ƙanwar Hindatu, Iya Tani, ta kira shi a waya. Ita ce bakin yayarta tun suna 'yan mata, kuma Allah ya ba ta bakin da zai ishi mutum biyu.

"Likita bokan Turai, kana nan kana gyara bakin mutanen birni, uwarka sati uku ba ta tauna tuwo ba."

"Subhanallahi. Me ya hana a gaya mini, Iya?"

"Wa zai gaya maka? Ita? Ai da ta gaya maka gara haƙoran su zube a kwano."

Washegari ya aika mota ta ɗauko su.

Duk wanda ya ƙirƙiro kujerar likitan haƙori bai san da alkunyar ɗan fari ba. Kujera ce da ke kwantar da mutum rigingine, ta haska masa fitila a fuska, ta ce ya wangale baki. Hindatu ta tsaya tana kallonta kamar an nuna mata makara. Da ƙyar Tani ta lallashe ta ta hau. Tana hawa ta runtse ido, ba ta sake buɗewa ba.

"Inna, ina ne yake miki ciwo?"

Hindatu ta karkata kai wajen ƙanwarta. "Ce masa nan gefen ne."

"Ta ce nan gefen ne," in ji Tani.

"Na ji, Iya, ai ina tsaye."

"To in ka ji me ya sa aka kawo ni? Ka biya ni ladan tafinta kawai."

Ya sa ɗan madubi ya leƙa. Haƙoran dattijuwa ne da suka ci dawa da gero, sun siɗe ta sama daidai shekarunsu. Amma fiƙar dama daban take. Ta ci sosai, ga tsaga a bakinta, har ana hango inda jijiya ta kusa fitowa.

Ya yi tambayoyin da aka koya masa, a jere kamar yadda suke a littafi. Tana yawan shan tsami? Tani ta ce wa ba ya shan kunun tsamiya a ƙasar nan. Da me take goge baki? Asuwaki. Tana cizon haƙora cikin barci?

"Ni da nake aure a Ba'awa ina zan sani? Munshari dai tun muna yara ta iya shi."

Hindatu ta laluba ta mintsine ta, ido a rufe.

A saman katin asibitin akwai layin sana'a. Yarinyar da ke rubuta kati ta dubi tsohuwa da mayafi, ba ta ɓata wa kanta lokaci ba ta rubuta "matar gida". Ghali ya karanta, ya wuce.

Ya ɗauko siririyar takardar nan mai shuɗi da ake sa wa mutum ya ciza, don a ga inda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa. Ta ciza. Shuɗi ya fito ko'ina, ban da cikin tsagar. Da ta haɗe haƙoranta ma sai ga 'yar kafa ta rage a wurin, kamar ta allura, hasken fitila na ratsawa. Shi da kansa yake koya wa ɗalibai cewa idan haƙori ne ya cinye ɗan'uwansa, in aka rufe baki wuraren da suka siɗe za su zauna wa juna kamar tukunya da murfinta. In ba su zauna ba, to wani abu ne daga waje yake bi ta wurin. Ya ga kafar sarai, har ya ƙara matso da fitila.

Sai dai a watannin nan yana rubuta wata maƙala a kan yadda wahalar rayuwa ke sa matan karkara cizon haƙora cikin barci, kuma ranar Alhamis zai karanta ta a wani taro a Abuja. Mutumin da ya yi wata huɗu yana neman abu guda, ko a bakin uwarsa ya leƙa shi zai gani. Ya rubuta a kati cewa cizon barci ne.

Ya ɗora auduga mai sanyi a kan fiƙar. Hindatu ta zabura. Bai gwada sauran haƙoran ba. Ya ga ya samu mai laifi, kuma ya ga yadda gumi ke bin wuyanta, yadda ta damƙe bakin zaninta da hannu biyu.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko a kashe jijiyar a bar haƙorin a wurinsa, wanda zai sa ta dawo sau uku ta kwanta a kujerar nan. Ko a cire yau, a yi mata na roba fari tas. Daga baya yakan gaya wa kansa cewa tausayinta ne ya sa ya zaɓi ta biyu. Akwai tausayin. Akwai kuma jirgin Alhamis. Akwai kuma wani abu da bai cika son tunawa ba: ya daɗe yana jin nauyin a ce uwar likitan haƙori tana yawo da jar fiƙa mai tsaga.

"Cirewa za mu yi, Inna. A sa miki sabo."

Hindatu ta karkata wajen Tani. Sannan ta ce a hankali, "Tambaye shi, ba a barin sa?"

Ya gyara tsayuwa ya yi bayani. Ya yi maganar jijiya da ƙwayoyin cuta da kumburin da ka iya hawa har ido. Bayani ne mai kyau, da a jarrabawa ne da ya ci.

Tani ta dube shi a karkace. "Kai dai faɗa mana gaskiya. Sabon zai yi duk abin da wannan yake yi?"

"Har ya fi, Iya."

"To kin ji. Har ya fi."

"Ce masa shi ya sani," in ji Hindatu.

Ya fara ɗaukar siffar haƙoranta da wani ƙwaɓi mai kama da ƙullu, wanda za a zuba wa farar ƙasa a fitar da kwafin bakin. Sannan ya yi allura, ya ɗauki awartaki. Haƙorin bai so fita ba. Saiwarsa doguwa ce, ƙashin ya riƙe ta gam, sai da rigarsa ta jiƙe. Da ya fito ya ɗaga shi a fitila, babu ruɓa ko ɗigo. Ya jefa shi a kwalba, da nufin ya ɗauki hotonsa don maƙala.

An tafa masa a Abuja.

Ranar Litinin da ya dawo ya leƙa ɗakin Malam Faruk, mai haɗa haƙoran roba. Dattijo ne ɗan Tiga mai furfura, wanda takardarsa ba ta kai rabin ta Ghali ba, shi ya sa ba a gayyatarsa taro. Ya tarar da shi riƙe da kwafin bakin Hindatu yana juya shi a taga.

"Likita, wannan baiwar Allah me take ja?"

"Kamar yaya?"

Faruk ya haɗe na sama da na ƙasa, ya tsinko zare daga bakin hularsa, ya zura ta kafar. Zaren ya wuce sumul, ya ja shi gaba ya ja shi baya.

"Babana haka tasa take, amma ta hagu. Gyaran komar kamun kifi yake yi a bakin dam, igiyar a baki, hannu biyu na ƙulli. Tela ma yana da tasa, mai ɗinkin takalmi ma. Wannan kuwa ba igiya ba ce, ka ga gindin tsagar a shafe yake. Abu ne mai faɗi-faɗi. Ko kaba?" Ya ɗago. "Ba ka tambaye ta ba?"

"Mahaifiyata ce."

"Au," in ji Faruk. Ya ajiye kwafin a hankali. "To shi ya sa."

Ya koma kan aikinsa. Ghali ya fi son a ce zaginsa ya yi.

Kafin azahar Tani ta kira. Wurin da aka cire ya warke, ta ce, amma ciwon yana nan inda yake, ko gezau. "Ko dai ba shi ne ɓarawon ba, ka kama na kusa da shi?"

Sai da suka yi kwana uku shi da Faruk a kan haƙorin robar. Suka auna tsagar da ke jikin kwafin, suka sassaƙa irinta a bakin sabon, faɗi da zurfi. Faruk ya yi aikin da kyau, amma ya faɗi gaskiyarsa: roba a kan dasashi take zaune, ba ta da saiwa, ba ta jin abin da ke wucewa ta kanta. Ghali ya ce a dai gwada.

Ranar Asabar ya kama hanyar Kiru. Ya isa Yako da la'asar sakaliya, ya ajiye mota nesa da ƙofar gida. A karo na farko a rayuwarsa ya shiga soro bai yi sallama ba. Ya tsaya a bayan asabari kamar ɓarawo, yana leƙen tsakar gidan da aka haife shi.

Hindatu na zaune a inuwar ɗaki, ƙafafu a miƙe. Ga kwano da jiƙaƙƙiyar kaba, ja da kore da fara, ga basilla, ga faifai rabi a cinyarta. Ta zaro kaba guda, hannunta ya kai ta bakinta ta gefen dama ba tare da ta duba ba, kamar yadda ya saba kaiwa shekara hamsin. Kabar ta faɗa cikin giɓi. Ta fito da ita ta dube ta. Ta mayar gefen hagu, ta ciza ta ja, kabar ta yage biyu. Ta ɗauki reza ta kawo kusa da ido, ta tsaga a hankali. Ɗaya ta fito da kauri, ɗaya ta tsinke.

A nan ya gane abin da ya cire. Sauran mata da farce ko reza suke tsaga kaba, shi ya sa tasu take fita yadda ta ga dama. Ita ta haƙorin nan take jan ta, tsagar ce ma'auninta, kowace ta fito daidai da 'yar'uwarta. Kabar ta ci haƙorin, haƙorin ya koyi kabar, har suka daidaita.

Ya koma baya, ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Ya ji ƙarar kwano ana tura shi.

Tani na nan, ta fito daga ɗaki tana ɗaura ɗankwali. Bayan gaisuwa ya ce a ba shi asuwaki. Ya roƙi Hindatu ta ciza shi da haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, tun daga gaba. Da aka zo turmi na biyu daga ƙarshe, ta ciza, tana saki ta dafe kunci. Tsagewa ce a turmin, siririya, irin wadda tsakuwar cikin wake ke yi. Gwajin bai ɗauki minti ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar kujera ko fitila.

"Ga ɓarawon," in ji Tani. "Wancan kuma an riga an yanke masa hannu."

Ya fito da haƙorin robar daga 'yar ƙaramar roba mai murfi. Ya nuna wa Tani tsagar da suka yi, ya ce a jawo kwanon da aka ɓoye. Tani ta dube shi, ta dubi yayarta, ta jawo.

Faifan ya biyo kwanon. Tsakiyarsa aikin Hindatu ne da kowa ya sani, zagaye tara a matse. Zagaye biyu na waje kuwa kamar wata ce daban ta yi, wata mai koyo.

"Na Nusaiba ne," in ji Tani. Nusaiba 'yarsa ce ta fari, tana aji biyu a jami'a. "Innarka ta ce kafin kishiyar tata ta samo mai tsautsayin da zai ɗauke ta, sai ta haɗa mata goma sha biyu. Wannan ne na biyar."

Duk sunan da Hindatu ba ta kira ba a shekara arba'in da shida, a kan yarinyar nan take fanshewa. Ghali ya san wannan ma, kamar yadda ya san siminti.

Hindatu ta juya baya ta sa haƙorin. Ta daɗe tana motsa baki. Sannan, a gaban ɗanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zaro kaba ta kai baki. Kabar ta zauna a tsagar daram. Ta ciza, ta ja.

Haƙorin ya biyo kabar, ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon ruwa.

Tani ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Har ya fi! Wallahi ya fi, wancan bai iya tsalle ba." Ta juyo ta ga fuskar yayarta, dariyar ta yanke.

Ya fara magana da sauri. Ya ce akwai wani aikin, ana dasa ƙarfe a cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai, ba ya motsi. Wata shida ne, zuwa asibiti sau biyar ko shida. Bai faɗi abin da Faruk ya gaya masa ba, cewa ƙarfe ma ba ya jin kaba.

Hindatu ta tsamo haƙorin daga ruwa, ta goge shi da gefen zani.

"Ce masa buɗe bakin ya isa haka. Ce masa aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka."

Tani ba ta maimaita ba. Ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Suka rage su biyu, shi a durƙushe, ita tana fuskantar katanga. Akuya ta leƙo ta koma. Yana so ya ce ta yafe masa, amma ya san in ya faɗa dole ta amsa, kuma amsawar wani nauyin ne zai ɗora mata. Yana cikin wannan lissafi sai ya ji muryarta, ba da "ce masa" ba.

"Yana nan?"

Bai tambayi mene ne ba. "Yana nan, Inna."

"A ajiye shi."

Iyakar maganar da ta taɓa yi masa kai tsaye ke nan.

Turmin kuwa wata matashiyar likita ce, Dakta Zubaida, ta gyara shi a wani asibiti kusa da su, bisa roƙonsa. Ciwon ya tafi a ranar. Da ya kira don godiya, Zubaida ta ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya akwai hira. Ban gama sa safar hannu ba ta ba ni labarin kaba tun daga yanka har rini. Kai, ashe da haƙori take tsagawa? Wa ya cire mata fiƙar nan?"

Ya ce layin ba ya da kyau.

Hindatu ba ta ƙara ɗinka faifai ba. Na biyar ɗin ta warware zagaye biyun da ba su yi mata ba, ta naɗe bakinsa a na tara. Ya fito ɗan ƙarami, ba ya rufe komai sai kofin shayi. Ta aika wa Nusaiba da shi tare da huɗun, da saƙon cewa ta samo mijin da biyar ɗin nan za su ishe shi, kada ta kawo mai cin kwano goma sha biyu. Matan Ba'awa sun koma sayen murfin roba a kasuwa, sun ce ya fi sauƙin wankewa.

Yanzu Ghali yana zuwa Yako duk wata, abin da bai yi ba da. Yana tsayawa a soro ya yi sallama, ya ɗan jira. Babu kwanon da ake turawa, don babu abin ɓoyewa. Abin da yake ji shi ne ƙarar murfin wata 'yar roba, da ɗan shiru, sannan a amsa. In ya shigo ya durƙusa, idan Tani ta faɗi abin dariya, yakan hango gefen fuskar mahaifiyarsa da farin haƙori tas a inda fiƙar take. Tani ta gaya masa ba ta cin abinci da shi, ba ta zuwa biki da shi, yana goge mata dasashi. Ranar zuwansa kaɗai take sawa, don kada mutumin Kano ya ga kamar an raina aikinsa.